Kawu da Mai Aska Biyu

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muke komawa. Ban san sau nawa na faɗa wa wasu wannan kalma ba, amma ranar Talatar da Kawu ya rasu sai da aka tuna mini da ita.

Ba ciwo, ba kwanciya. Da hantsi yana zaune a zaurensa yana aikin wuyan wata riga, maƙwabcinsa mahauci yana gefe, suna gardama a kan ko ruwan bana ya ɗauke ke nan ko da saura. Kawu ya ce, "Miƙo mini almakashi." Mahaucin ya miƙa. Ba a karɓa ba.

Har muka dawo daga maƙabarta almakashin yana hannun mutumin nan. Duk wanda ya zo yi masa gaisuwa sai ya nuna masa, ya ce, "Wallahi ni ya ce in miƙo masa. Ga shi nan. Na miƙa." Liman, wanda ya yi masa wanka, ya ce sau biyu yana tsayawa yana kara kunne a ƙirjinsa. Mahaifiyata, ƙanwar Kawu, da aka faɗa mata sai ta ce ba shi ba ne, ai ya ce zai zo ranar Juma'a. Inna kuwa, matarsa, ba ta yi kuka ba a ranar. Abin da kawai ta tambaya shi ne ko an zare allurar daga jikin rigar, kada ta soki wani.

Kashegari muna zaune a tabarmi a ƙofar gida, na ji mutum biyu a bayana suna magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya ya ce, "Allah dai ya sa ya samu ya tuba." Ɗayan ya ce, "Mai harka da kauci ai ka san ƙarshensa ba ya zuwa da sallama." Na ji su sarai. Ban juya ba. Wannan rashin juyawar ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin ina tsoron a wayi gari abin da ya rage na Kawu a bakin mutanen unguwarmu shi ne wai matsibbaci ne. Ba shi ba ne, kuma ni na fi kowa sani.

Sana'arsa ɗinkin manyan riguna. A cikin birnin Daura, in aka ga aljihun riga da aikin da ya kwanta lumui kamar da shi aka saƙa yadin, ba a tambayar hannun wa. Shi ya koya mini ajami, bayan ya gwada ni da allura wata uku ya ce, "Kai hannunka na alƙalami ne, ka bar ɓata mini zare." Mutum ne da ba ya sauri a komai. Ko ruwa zai sha sai ya duba cikin moɗar tukuna. In ka zo masa da magana a tsaye sai ya ce, "Zauna. Ni ba na jin magana daga sama."

Ta hanyar zare ya shiga lamarin ƙwari. Zaren tsamiya da yake aiki da shi daga gidan wata tsutsa ake samunsa, sai wata rana ya ce shekara talatin yana cin abinci da wahalar wannan halitta bai san me take zama ba in ta girma. Ya sa gida guda a tukunya ya rufe da yanki, ya jira. Daga nan bai daina ba. Da damina ta faɗi sai ya hau bayan ɗan acaɓa ya nufi wata fadama a hanyar Mai'adua, ya wuni yana bin malam-buɗe-littafi da ido. Ba ya kamawa ya kashe, domin ya ce ba su cuce shi ba. Ba ya zana surarsu, domin ba ya zanen abu mai rai. Sai dai ya rubuta su da ajami, da kalmomin marina da na maɗinka, kowace takarda da bisimilla a kanta.

A cikinsu akwai guda da ya ce ya tambayi manoma da makiyaya, ba wanda ya taɓa lura da shi. Ya raɗa masa suna mai aska biyu, saboda zanen nan mai tsini biyu da ake yi wa aljihun riga. Sau da yawa ya karanta mini siffarsa har ta zauna a kaina, kuma zan ajiye ta a nan kamar yadda nake tunawa:

"In ya buɗe bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Bayansa shuɗi ne irin na yadin da aka tsoma sau biyu a marina, bai kai ga baƙi ba, sai bakin fiffiken ne baƙi kamar an yi masa dajiya. Cikinsa fari ne irin na alawayyon da ya sha wanki ɗaya. A kan farin akwai aska biyu, ja irin na alharini, ta gaba ta fi ta baya tsawo. Kowane fiffiken baya da wutsiya biyu sirara, kamar bakin zaren da aka manta ba a yanke ba. Macen ta fi girma, shuɗinta a koɗe yake. Ba ya sauka ƙasa shan ruwa kamar sauran. Tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wannan aiki ba da allura ba."

Tsutsar mai aska biyu ba ta cin komai sai ganyen kauci, shi ma ba kowane kauci ba, sai wanda ya fito a kan itace iri ɗaya tak. Daga nan masifar ta faro. Kowa ya san su wa ke neman kauci a ƙasar nan, kuma don me. Ga dattijo yana dawowa daga daji da kauci a ƙunshe, ga tukwane a rufe jere a bayan ɗakinsa, ga shi a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da masu layu da masu duba suke ta ɓoye kayansu. Wata rana samari uku na kwamitin unguwa suka yi sallama a zaurensa, da ladabinsu, suka ce an kawo musu magana. Kawu ya sa aka ba su ruwa, ya ɗauko tukunya guda ya buɗe musu. Babbansu ya leƙa ya daɗe, ya ce, "Baba, wannan ai tsutsa ce."

Kawu ya ce, "Ni ma abin da na gani ke nan."

Suka ba shi haƙuri suka tafi. Amma mutane sun ga shigarsu, ba su ji abin da aka faɗa a ciki ba.

A makon ne muka yi faɗa da shi, faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na ce, "Kawu, zamani ya juya. Ka bar abin nan ko don 'ya'yanka."

Ya ce, "Wa ya halicce shi?"

Na ce, "Allah."

"To shi ya zauna ya yi masa aska biyu, ni kuma in wuce kamar ban gani ba, don wane da wane suna magana?"

Raina ya ɓaci, na ce, "Dattijo kamarka, da ƙunshin kauci a hammata kamar boka!" Ya dube ni, ya mai da kansa kan ɗinkinsa. Juma'a biyu ina gaishe shi yana amsawa da ka. A ta uku shi da kansa ya aiko in zo. Ya buɗe gafakarsa ya fito da wasu takardu da aka ja musu layi gida-gida, kowane gida da harafi ɗaya ko biyu a ciki. Ko ni da na san shi, kallon farko hatimi na gani, irin wanda matsibbata suke rubutawa. Ya ce, "Na ga fuskarka. Karanta." Ya bi da ni da yatsa: a kwance makonnin damina ne, a tsaye shekaru, harafin da ke cikin gida kuwa lissafin hisabi ne na yawan waɗanda ya gani a makon. Harafin alif ɗaya ne, harafin ba biyu, jim uku. Gidan da ba komai, ba a gani ba ke nan. Damina goma sha ɗaya a jere. Na nemi gafararsa, ya ce ya yafe tun kafin in fita daga zauren, kawai so yake in ji jiki.

Don haka na sani. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, saboda abin da zan faɗa a kaina.

Babban ɗan Kawu taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, tun muna yara ba ya kirana sai da bawa, ni kuma ba na raga masa. Malamin makarantar boko ne, mai tsoron Allah, kuma samarin nan uku abokansa ne, abin ya yi masa zafi ƙwarai. Ni kuwa na sami abin tsokana. In muka haɗu a masallaci ko wurin suna sai in ce, "Ɗan boka, yaushe za a raba muku gadon tukwane?" Ya ce, "Bawa, rufe mana baki," a yi dariya. Ban taɓa zama na gaya masa abin da na gani a gafakar nan ba. Na ɗauka ya sani. Shi kuma kunyar ubansa ba ta bar shi ya tambaya ba.

Ana nan sai wata malama daga wata jami'a, mai binciken ƙwari, ta ji labarin Kawu ta zo har gida. Ya karanta mata siffar mai aska biyu, ta sa ya maimaita sau uku, ta ce ba ta san mai irin wannan kama ba a cikin duk waɗanda aka rubuta. Ta fito da ragar kamu. Kawu ya ce ta mayar da ita jaka.

Ta ce, "Baba, masana ba za su yarda da magana ba, sai sun ga jikinsa a gabansu."

"To su zo su gani."

"Suna nesa, Baba, wasu ma a ƙasashen waje."

Ya ce, "Ni ma ban taɓa ganinsu ba, amma kin ce akwai su na yarda."

Ta yi dariya har ta rufe baki da gyale, amma bai sauya ba. Ya ce ta jira wanda zai mutu don kansa. Damina biyu tana jira. Cikin waɗanda yake reno a tukunya yana sakewa, namiji guda ya fito lafiya ƙalau ya kwana bai tashi ba, daga baya mace ma haka. Ya naɗe kowanne a farin ƙyalle ya ba ta da hannu biyu. Da ta tambayi sunan itacen da kaucin yake fitowa a kai sai ya ce, "Yana cikin takarda. In na faɗa yanzu maganar ta yawata, masu magani za su tsige shi kaf, su ce na gano wani sirri. Ranar da mutanenki suka ce sabo ne, ki zo in ba ki gafakar duka, ki san yadda za ki tsare shi." Ni ma bai gaya mini ba, ban kuma tambaya ba. Ina ganin lokaci yana nan.

Ranar uku, bayan an yi addu'a da safe, aka aike ni garin Babban Mutum in kai wa yayar Kawu gaisuwa, tsohuwa ce ba ta iya hawa mota. Na dawo bayan azahar. Tun daga soro na ji ƙaurin takarda. Na shiga bayan ɗakin Kawu na tarar da taubashina a tsugune gaban sabuwar tukunya, yana juya toka da kara, ga gafaka a gefe a buɗe, ba komai a ciki. Tukwanen renon kuma an kife su duka.

Na ce, "Me ka ƙone?"

Ya ɗago, idanunsa jajur, amma fuskarsa irin ta wanda ya sauke kaya. Ya ce, "Na rufa masa asiri. Kafin a zo rabon kaya kowa ya gani. Da sunan Allah a kansu, shi ya sa na sa a sabuwar tukunya, tokar kuma zan binne inda ba a takawa."

"Ka karanta?"

"Ban karanta ba. Da na ga hatimai sai na kau da kai. Ba na so idona ya ga abin da za a tambaye ni shaida a kan ubana ranar gobe."

Na zauna a ƙasa. Na ce masa ba hatimi ba ne. Na ce makonni ne da shekaru, alif ɗaya, harafin ba biyu. Ina faɗa ina zana masa gidajen a ƙasa da yatsa, kamar hakan zai dawo da wani abu. Ya bi yatsana da kallo har na gama. Sannan ya ce, "Ka sani?"

Na ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Shekara shida."

Ya ce, "Kana kirana ɗan boka, ka sani?" Bai ce bawa ba. Ya cusa hannu cikin tokar da zafinta yana lalube, ko kusurwar takarda bai samu ba. Mutum ne mai kammala aiki, ya ƙone su da kyau.

Ranar bakwai malamar ta iso. Ba ta ji rasuwar ba. Labari ta zo kawo masa, sai ta ga tabarmi a ƙofar gida. Ta tsaya a bakin mota ta kasa matsowa, sai da mata suka fito suka shiga da ita wurin Inna. Bayan la'asar ta nemi ganinmu a zaure, ni da taubashina. Ta ce masanan sun gwada biyun nan da duk na kusa da su, a kamanni da kuma abin da sai da madubin ƙara girma ake gani, sun tabbatar ba a taɓa rubuta irinsa ba. Sabo ne. Ta ce a takardar da za a fitar za a rubuta cewa Kawu ne ya fara ganinsa ya siffanta shi. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce ta san ba lokacinsa ba ne, amma ya yi mata alkawarin gafaka.

Na buɗe baki zan rufa wa taubashina asiri, ya ɗaga mini hannu. Ya gaya mata da bakinsa, bai rage komai ba, bai kuma ambaci laifina ba. Ta yi salati ta dafe kai. Da ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malam, ko itacen kawai? Masu sare itace sun fara shiga fadamar nan. In na san wanne ne zan iya neman a bar shi."

Na ce kauci dai na sani. Ko na gawo ne, ko na kaɗanya, ko na tsamiya, ko na ɗorawa, Allah ne masani. Muka aika aka tambayi Inna, ta ce a yanke yake kawo shi, ita kuma ba ta taɓa tambayar mijinta abin da bai faɗa mata ba.

Taubashina ya miƙe ya fita ƙofar gida, na bi shi. Mutane sun cika tabarmi ana jiran addu'ar tashi. Ya tsaya a tsakiya, shi da ko a aji ba a jin ɗaga muryarsa, ya ce, "Jama'a, ku saurare ni. Na zargi ubana da abin da wasunku suka zarge shi da shi. Na ƙone takardunsa don in rufa masa asiri, ashe ba asirin da za a rufa. Ilimi ne na halittar Allah, damina goma sha bakwai yana tara shi, ni na sa masa wuta da hannuna. Ga baƙuwa can ciki ta zo daga jami'a ta shaida. Wanda ya taɓa faɗin wata magana a kansa, ya nemi gafarar Allah, ni ma ita nake nema."

Liman ya ce, "La'ilaha illallahu," ya sake cewa, ya kasa fara addu'ar. Wani tsoho daga can ƙarshe ya ce, "Yanzu duk tsutsar ce? Tsakani da Allah tsutsa ce kawai?" Ba wanda ya yi dariya. Na ga mutane suna duban tafin hannunsu. Ni ma a nan na tashi na faɗi nawa, na ce na sani na yi shiru, na mai da abin wasa.

Kafin malamar ta tafi ta nuna mini takardar da ta shirya, da Turanci, tana fassara mini layi-layi: girmansa, launin bayansa, jajayen zane biyu na cikinsa, wurin da aka same shi, wanda ya samo shi. Da muka zo layin abincin tsutsarsa sai ta ce a nan dole ta rubuta kauci, itacen kuma ba a sani ba.

Na ce, "Malama, kada ki rubuta haka. An sani. Ki rubuta cewa mutum ɗaya ya sani, ya rubuta, mu muka rasa."

Ta ce ba a saba rubuta irin wannan a takardunsu ba. Amma ta ciro biro ta rubuta a gefe.

Ya Ubangiji, bawanka ne da ya tsaya ya dubi aikinka da kyau lokacin da muke wucewa. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi. Mu kuma da muka rage, ka yafe mana abin da muka faɗa a kansa, da abin da muka ƙi faɗa.